Matar Usop Mai Aski

An aske wa tsohon masuncin kunci ɗaya, ɗayan yana nan cikin kumfar sabulu, sai ga 'yan sanda sun tsaya a ƙofar shagon. Mek Jarah tana ciki bakin murhu tana kwashe shinkafa. Shirun da ta ji ne ya fito da ita, da ludayi a hannu.

Saja Mat Zin ne a gaba, ruwan sama na ɗiga daga hularsa. Bai yi sallama ba, kuma bai yarda ya haɗa ido da kowa ba.

"An aiko ni in zo da Nakano Rihei," in ji shi.

"Wane ne kuma haka?" masuncin ya tambaya daga kan kujera.

Usop ya goge askar da tsumma, ya naɗe ta, ya ajiye. "Ni ne," ya ce.

Rabon Mek Jarah da jin sunan nan tun ranar da aka ɗaura musu aure, shekara ashirin da wani abu ke nan. Duk Kota Bharu Usop mai aski aka sani, ɗan gajeren mutumin nan mai ciwon fuka, wanda ya zo daga Japan yana saurayi, ya musulunta a hannun limamin unguwa, ya auri 'yar mai sayar da shinkafa. Tun cikin dare ake jin rugugin manyan bindigogi daga bakin teku, kafin asuba kuma labari ya game gari cewa sojojin Japan sun sauka a gaɓar Sabak. Ta roƙe shi kada ya buɗe shago. Ya ce idan ya rufe, cewa za a yi ya san wani abu.

"Mat Zin, yau kai ne?" ta ce. "A kan kujerar nan ubanka yake danne ka ana yi maka aski kana tsala ihu."

"Inna, wallahi ba son raina ba ne. Duk Bajapanen da ke garin nan aka ce a tattara. Ga mai ɗaukar hoto da matarsa can a mota."

"To ai wannan Musulmi ne. Sahu ɗaya kuke sallah."

"Turawa ba su tambaye ni sahu ba, Inna."

Usop ya ce a bar shi ya ƙarasa wa bawan Allah askinsa, kada ya fita haka. Ko da ya juya, masuncin ya riga ya share kumfar da gefen zanensa ya sulale. Sai Usop ya ɗauki hularsa daga jikin ƙusa, ya matso kusa da matarsa ya rage murya.

"Ki nemo Semail. Yana jin Turanci, kuma Turawan filin jirgi sun san shi. Wataƙila ɗayansu ya sa baki."

Semail shi ne ɗansu, shi kaɗai Allah ya bar musu. Motar ruwa yake ja a filin jirgin sama na Pengkalan Chepa, kuma tun makon jiya aka hana ma'aikata kwana a gida.

Kafin a sa Usop a mota titi ya cika. Mutanen da suka saba kwana da wuni a bencin shagonsa suna hira, su ne suka yi cirko-cirko suna kallo. Wani daga baya ya ɗaga murya: "Ashe duk askin nan asirinmu yake askewa!" Aka yi dariya. A ɗaya hannun titin, Tauke Koh, Basine mai shagon yadi, yana tsaye a ƙofarsa ya harɗe hannu. Tun da Japan ta shiga ƙasar Sin da yaƙi ya hana Sinawan unguwar zuwa aski wurin Usop, ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba. Da motar ta tashi ya tofar da yawu a kwata, ya ce yadda kowa zai ji, "An ma yi jinkiri."

Sai da ta koma ciki ta ga gwangwanin garin maganin da yake turarawa idan fuka ta taso masa. Ta ƙunshe shinkafa da kifi a ganyen ayaba, ta haɗa da maganin da zane ɗaya, ta ɗaure a ƙugu. A ofishin 'yan sanda wani dogon Ba'indiye mai rawani ya tare ƙofa. Ba a ganin kowa, ba a karɓar saƙo. Ya ce mata ta koma gida. Ta kama hanyar filin jirgi.

Ita kaɗai ce ta nufi can, kowa fitowa yake yi. Mata da goyo da ƙunshin tabarmi, maza na jan awaki, wani dattijo bai ɗauko komai ba sai kejin kurciyarsa, ya lulluɓe shi da rigarsa shi kuma ruwa na dukansa. Motocin soja suna wucewa a guje suna watsa wa mutane taɓo. Can aka ji kukan jirage, wani ya ce a kwanta, ta faɗa gonar shinkafa ruwa har ƙirji, ta ɗaga ƙunshin sama da hannu ɗaya. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashinta. Da ta fito, baƙin hayaƙi ya tokare sama ta bayan itatuwan kwakwa.

Sojojin Indiya masu yi wa Turawa yaƙi sun datse hanya da ganguna. Ɗayansu, yaro ne ma, jini ya bushe a wuyansa, ya yi ta yi mata alama da hannu ta koma. Tana cikin roƙonsa da harshen da ba ya ji, sai ta hango Dollah, abokin aikin Semail, yana tahowa ba takalmi.

"Dollah! Ina ɗan'uwanka?"

Ya tsaya, ya dubi ƙasa. "Inna, me ya kawo ki nan?"

"Tambayarka na yi."

"Da hantsi jiragen suka zo. Mun ɗauka na Turawa ne ke dawowa, har muna ɗaga musu hannu. Shi yana cikin motar." Ya nuna hanyar gari. "An kwashi mutane an kai asibiti. Ni dai ban tsaya na duba ba, Inna. Wallahi ban tsaya ba."

Asibitin ya cika ya tumbatsa har baranda. An shimfiɗe mutane a ƙasa, soja da farar hula, ruwan sama na shigowa yana wanke jini zuwa tsakar gida. Wasu na kiran uwa da yarensu, wasu na roƙon ruwan sha. Ta tare wata ma'aikaciya da ke tafe da ɗaurin bandeji, ta faɗa mata sunansa da kamanninsa.

"Yaya, ban san sunan kowa ba yau. Masu rai suna nan. Sauran suna baya, wajen ɗakin wanki."

Mek Jarah ta bi masu ran ɗaya bayan ɗaya, tana sunkuyawa tana duba fuskoki. Da ta kai ƙarshe ta dawo farko ta sake. Ba ta da niyyar dainawa, sai da wani mai share-share ya ce mata tana tare hanya. Sannan ta zagaya baya.

Rumfar kwano ce, an jera su a ƙarƙashinta an rufe da buhuna. Ba ta ɗaga ko ɗaya ba. Ƙafafunsa ta gani sun fito, gajeru masu faɗi irin na ubansa. Ta durƙusa ta janye buhun daga fuskarsa zuwa wuya, ba ta wuce nan ba. Taɓo ya cika masa kunne da gira. Ta jiƙa bakin mayafinta da ruwan da ke zuba daga kwano, ta goge masa tas, ta rufe masa baki. Kuka bai zo ba. 

Wani tsohon Batamile, ɗan asalin Indiya, shi ne ke gadin rumfar, yana zaune a kan bokiti. Sai da ta gama ya yi magana.

"Naki ne?"

"Nawa ne."

"To ki ɗauke shi yau, uwata. Likitoci na haɗa kaya. Gobe rami ɗaya za a yi wa kowa." Ya nuna titi da haɓa. "Kowa tafiya yake yi. Ɗazu ma aka wuce da Japanawan garin bakin kogi, za a ƙetare da su a sa su jirgin ƙasa."

Ta dubi ɗanta, ta dubi titin. Ta taɓa gwangwanin da ke ƙugunta.

"Baba, ka kula mini da shi. Yanzu zan dawo."

"Je ki," ya ce a hankali. "Ba inda za shi."

Kogin Kelantan ya kawo, ruwan ja wur, yana tafe da itatuwa. Jirgin fito na bakin gaɓa ana loda matan Turawa da 'ya'yansu da akwatuna. Can gefe, a cikin ruwan sama, an tsugunar da Japanawan, 'yan sanda sun kewaye su. Mat Zin ya hango ta. Ya juya baya, ya fito da taba ya shiga kokawa da ashana.

Tun kafin ta isa ta jiyo numfashin Usop, yana fita da ƙara kamar ana zuga wuta. Ta tsuguna gabansa ta kwance ƙunshin. Ya karɓi gwangwanin da hannu biyu.

"Kin jiƙe sharkaf," ya ce. "Kin same shi?"

"Na same shi."

"Yana lafiya? An ce an yi ruwan bam a can."

Ta dubi leɓunansa da suka yi baƙi don rashin iska. Ta dubi kogin da za a ƙetare da shi, da tafiyar da ba wanda ya san iyakarta.

"Lafiyarsa ƙalau, Baban Semail. Aiki ne ya yi yawa, Turawan sun hana kowa fita. Ya ce in gaishe ka."

Usop ya rufe ido. "Alhamdu lillahi. Tun safe zuciyata take kansa." Ya ɗan huta ya tara numfashi. "Ki ce masa ya bar aikin nan haka, ya dawo ya zauna tare da ke. Turawan nan ba za su riƙe garin ba, ga shi kina gani. Idan waɗancan suka shigo, ya faɗa musu sunan ubansa. Ba za su taɓa shi ba. Kin ji?"

"Na ji."

"Wasu sun ce Singapore za a kai mu, wasu sun ce Indiya. Ni da ko hanyar Japan ɗin ban sani ba yanzu." Ya yi ɗan murmushi, tari ya sarƙe shi. "Asaken nan, ya riƙa shafa musu mai. Damina ce, tsatsa ba ta jira. Hannunsa ya fi nawa, taurin kai ne kawai ya hana shi zama."

"Zan gaya masa."

Aka busa usur. Mat Zin ya juyo, ya ce a tashi. Usop ya miƙe da ƙyar, ƙunshin shinkafar a hammata.

"Jarah, ki yafe mini."

"Ban riƙe ka da komai ba. Ni ma ka yafe mini."

"Ke kuma me kika yi?" ya ce. Aka tura su gaba.

Ta tsaya har baƙar hularsa ta ɓace cikin kawunan mutane, har jirgin ya kai tsakiyar kogi. Ta zauna cikin taɓo ta yi kukan da ya ƙi zuwa a rumfar kwano, mutane na ratse ta da kayansu ba mai ce mata sannu.

A kasuwa ta sami amalanke. Kasuwar da mata ke cika ta tun asuba yau ba kowa, kifi na ruɓewa a kan tebura, karnuka na shawagi. Amalanken wani mai kifi ne, ta ɗauraye shi a famfo ta tura zuwa asibiti. Tsohon Batamilen ya kama kafaɗu ita ta kama ƙafafu, suka ɗora Semail a ciki. Ya cire tabarmar da yake kwana a kai ya rufe shi.

La'asar ta yi lokacin da ta shigo unguwarsu. A hanya ta ji ana cewa Turawa sun cinna wa filin jirgin wuta da kansu sun gudu, sojojin Indiya na ja da baya. Rugugin ya matso, har ana jin ƙananan bindigogi a tsakani. Gidaje duk a rufe. Shagonsu kaɗai ne a buɗe: an fasa madubin, an ɗauke kujerar aski da asaken gaba ɗaya. Dogon bencin ne kawai aka bari, don an kafe shi a bango. Ba za ta iya hawa da Semail sama ba, sai ta jawo shi a hankali ta kwantar a kan bencin.

A masallacin unguwa ba ta tarar da kowa ba sai ladan, Tok Mamat, tsohon da idonsa ya kusa tafiya. Liman da sauran maza sun kwashi iyalansu sun yi ƙauye.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji tsohon. "Semail? Ni na yi masa huɗuba." Ya daɗe yana girgiza kai. "Wanka zan yi masa, sallah zan yi masa, ko ni kaɗai ne. Amma haƙa, 'yata, ba ni da bayan haƙa. Kuma ga ƙasa ta sha ruwa. Likkafani fa?"

Ba ta da shi. Ta koma gida ta hura wuta ta ɗora ruwa, tana tunanin ko zannuwan gado za su yi, tana tunanin ko ita za ta iya haƙa da diga.

Rana na shirin faɗuwa aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Ta buɗe, sai ga Tauke Koh. Ba riga mai guga, ba agogon aljihu, singileti ne kawai a jikinsa ya manne da ruwa. A bayansa 'yan matansa biyu ne, an datse musu gashi da almakashi yadda aka ga dama, an shafe musu fuska da baƙin tukunya.

"Yaya Jarah," ya ce.

"Yau kuma na zama Yaya?"

Ya sunkuyar da kai. "Duk abin da kika faɗa mini, na ci. Amma ki saurare ni don Allahnki. Motar 'yan'uwana ta tafi tun azahar, ba wuri. Ni na jagoranci tara wa ƙasar Sin gudummawa a garin nan, kowa ya sani, kuma za a faɗa wa sojojin Japan. Ni ban damu da kaina ba. Kin ji abin da suka yi wa mata a can ƙasarmu." Ya nuna 'yan matan. "Uwarsu ba ta da rai. Gidanki gidan Bajapane ne. Ba za su shigo nan da mugunta ba. Ki ɓoye mini su."

Mek Jarah ta juya ciki. Ta ɗauki fitila ta yi gaba, ta yi masa alama ya biyo ta. A cikin shagon ta yaye tabarmar daga fuskar Semail.

Tauke Koh ya ja da baya har ya bugi bango.

"Ga ɗan Bajapane nan," ta ce. "Jirginsu bai tambaye shi sunan ubansa ba."

Ya ƙura wa fuskar ido. Yaron nan a gabansa ya girma, yana ƙarami yakan tsallako titi ya roƙi ƙyallaye ya yi wasa. Ya ce, "Usop ya sani?"

"Bai sani ba."

Ya gyaɗa kai, ya juya ya kama hannun 'ya'yansa. "Ki yi haƙuri. Ban san abin da na tarar ba. Mu je."

Ƙaramar ce ta tsaya mata a ido. Ba za ta wuce sha uku ba, haƙoranta na haɗuwa don sanyi, an yanke ta a bayan kunne garin askin gaggawa, jinin ya gangaro wuya.

"Tsaya," in ji Mek Jarah.

Ya tsaya.

"Ban ce maka gidan nan zai tsare kowa ba. Ka gani da idonka."

"Na gani. Ba ni da wata ƙofar."

"Kana da farin yadi?"

Ya dube ta, ya dubi bencin. "Akwai."

"Ka taɓa riƙe diga?"

Ya dubi tafin hannunsa, hannun da bai san komai ba sai awo da almakashi. "Za a nuna mini."

Ya tsallaka titi a guje ya dawo da bandir guda a kafaɗa, ya rufe shi da buhu kada ya jiƙe. Mai kyaun ne, wanda yake ajiyewa a saman kanta. Ya ajiye, ya ɗauki diga da shebur daga bayan murhu. Ta ce ya je masallaci ya sami Tok Mamat, shi zai nuna masa wuri da alƙibla. Daga ƙofa ya waiwayo ya dubi 'ya'yansa, ya yi musu magana guda da yarensu, ya fita cikin ruwan.

Mek Jarah ta sa sakata. Ta hau sama ta sauko da zannuwanta biyu da mayafai, ta ce su cire jiƙaƙƙun kayan, su wanke baƙin tukunyar nan, ba ya ruɗin kowa. Ta wanke wa ƙaramar yankan da ruwan ɗumi. Wata ƙara ta tashi kusa, ragowar madubin ya zubo ƙasa. 'Yan matan suka ƙanƙame juna.

"Ku saurara," ta ce. "Ke babbar, daga yau Sepiah. Ke kuma Limah. 'Ya'yan Usop mai aski ne ku, ni na haife ku. Wannan da ke kwance yayanku ne, Semail. Ku faɗa in ji."

Suka faɗa. Ta sa suka maimaita har sunan ya zauna a bakinsu. Babbar ta fashe da kuka tana toshe baki.

"Bar shi ya fito," in ji Mek Jarah. "Duk wanda ya shigo ya tarar kuna kuka a gidan nan, ba zai tambayi dalili ba."

Ta warware bandirin a ƙasa, ta auna tsawon ɗanta da kamu, ta ƙara kaɗan. Daga can bayan masallaci, tsakanin rugugi da rugugi, aka fara jin saran diga, ba daidai ba, irin na wanda bai iya ba.

"Limah, riƙe nan," ta ce. Ta miƙa wa ƙaramar bakin yadin, ta sa haƙori ta tsaga.